Na'urar da Ke Suma Lokacin La'asar

Abu na farko da Ingila ta karɓe mana shi ne akwatin Sada. Muna tsaye a babbar tashar jirgin ƙasa ta Landan, ga sanyi ga gajiyar kwana a sama, sai wani baƙin mutum cikin kwat mai kyau ya tare mu da fara'a, ya ce ofishin ɗalibai ne ya aiko shi ya tarbe mu. Ya sungumi akwati ɗaya, ya ce bari ya kai tasi ya dawo ya ɗauki sauran, kada mu motsa. Ba mu motsa ba kuwa. Sai da ƙafafunmu suka daina jin ƙasa sannan muka yarda an yi mana sakiyar da ba ruwa. Abin da ke cikin akwatin bai wuce kilishi da daddawa da garin kuka da yaji ba, sai wani gwado saƙar hannu da mahaifiyar Sada ta ba shi. Ni raina ya ɓaci ƙwarai. Shi kuwa cewa ya yi, "Ƙyale shi, Yaya. Allah dai ya sa ya iya kaɗa miya."

Haka Sada yake, ba a ganin ɓacin ransa sai an tona. Ni sunana Lawal, mutumin Kankara, ina koyar da lissafi a wata firamare a Faskari lokacin da aka ɗauke mu. Sada ɗan Sabuwa ne, ya biyo bayana a makarantar horon malamai, na girme shi da shekara huɗu, kuma tun can bai taɓa kiran sunana ba, sai Yaya. Shekarun nan ne da kuɗin man fetur ya cika ƙasa, gwamnati tana sayen injina tun kafin ta san wanda zai kunna su. Aka ce ana neman waɗanda kansu ke ja a lissafi, a tura su waje su koyo aikin kwamfuta. Ni da Sada ba wanda ya taɓa ganin kwamfuta ko a hoto. Sharaɗi ɗaya aka karanta mana, muka haddace shi: shekara guda a aji, shekara guda a wurin aiki, kuma takardar shaida ba ta fitowa sai manajan wurin aikin ya sa hannu cewa ka iya. In ya ƙi, a yanke maka tallafi ka koma gida hannu rabbana. Sada ya baro amarya, ya baro tsohon uba da ya rabu da shanun huɗarsa don ya yi masa kayan tafiya. Da takardar nan yake kwana, da ita yake tashi.

Daga Landan jirgi ya kai mu wani garin masaƙu can arewa, inda hayaƙi ya baƙanta bangon kowane gida. Shekarar aji ba ni da abin faɗa a kanta sai gajiya. Ruwansu ba ya sauka ya wuce, yayyafi ne wanda ba ka ganin farkonsa ba ka ganin ƙarshensa. Ɗaki ɗaya muka kama a saman bene wurin wata tsohuwa da kullum take mana faɗa a kan ruwan alwala a ƙasan banɗaki, har muka koma tsugunawa a cikin bahon wanka, ɗaya na zuba wa ɗaya. Dankalin Turawa da safe, dankalin Turawa da yamma. Wani mahauci ɗan Fakistan a bakin layinmu ya lura da yadda muke kallon nama mu wuce, sai ya riƙa ajiye mana ƙafafun rago da barkono duk Juma'a, kuma in muka fara godiya sai ya kore mu da hannu. Wasiƙar innata takan zo wata-wata da rubutun mai rubuta wasiƙa na kasuwar Kankara, kullum da tambaya ɗaya: wai da gaske ne rana ba ta fitowa a can? Nakan amsa mata cewa tana fitowa, ban dai ce mata sau nawa ba. Akwai ranakun da nake zaune a aji ido na kan allo, hankalina yana Tafoki wurin kawunnaina, lokacin da gero ya nuna ana gasa tumu a bakin gona. Kewar gida ta ci ni ƙwarai, ba zan ɓoye ba.

Shekara ta biyu aka tura mu wani kamfani mai kwamfuta guda ɗaya tak, wadda ta cika ɗakin da ya fi zauren mai unguwa girma. Masaƙun garin take yi wa aiki, jadawalin ma'aikata, jerin kayan da ke sito, irin waɗannan. Nan aka raba mu. Sada aka sa shi ɗakin na'ura, shi ke ɗora faifan tef, ya sa takarda a injin bugawa, ya duba fitilu. Ni aka haɗa ni da Mista Harol, tsohon injiniyan da ke kula da cikin cikinta.

Dole in tsaya a kan mutumin nan, don in ba a san shi ba ba za a gane wautata ba. Tsoho ne mai farin gashi, kullum da lofe a baki ko da ba wuta. Satin farko ya ga ina rawar ɗari cikin 'yar rigar da na zo da ita, washegari ya kawo mini kwat mai nauyi ya ce ta yi masa kaɗan, alhali na fi shi jiki. Shi ya kwashe kwalaye daga wani sito ya ce mu riƙa salla a ciki, har ya zo da kamfas ya tsuguna yana nema mana alƙibla. Duk Lahadi matarsa takan dafa kifi ta kira mu, tun da ta ji abin da ba mu ci. Wata rana ya ji Sada ya ce masa Baba, ya tambayi ma'anar kalmar. Da aka gaya masa sai ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa. Ba su taɓa haihuwa ba. Daga ranar ya zama Baba Harol.

Shi ya koya mini abin da suke kira kanel. Shiri ne da ke can ƙarƙashin duk sauran shirye-shirye, shi ke raba wa kowane aiki lokacinsa da wurinsa a ƙwaƙwalwar na'ura. Ayyuka da yawa ke gudana tare, kuma akwai wuraren ajiya da dukkansu ke taɓawa. Don kada biyu su sa hannu wuri ɗaya a lokaci ɗaya su dagula shi, kowane wuri yana da kulle. Ba kullen ƙarfe ba ne, alama ce kawai: aiki ya zo ya ɗaga ta, sauran su jira, in ya gama ya sauke. Dokar da Baba ya nanata mini har ta gundure ni ita ce, duk aikin da ke buƙatar kulle biyu dole ya ɗauke su a jerin da kowa ke bi. Na tef tukuna, sannan na injin bugawa, ba a juyawa. Yawancin kanel ɗin shi ya rubuta shi da hannunsa shekaru da suka wuce, kuma a gefen kowane sashe akwai haruffan sunan wanda ya rubuta.

Da sanyin ƙarshen shekara ya shigo, na'urar ta fara suma.

Sumar ba ta da hayaniya. Fitilun da ke wasa su tsaya cak, tef ya daina juyawa, bayan ɗan lokaci wani agogon tsaro da ke cikinta ya ga ba abin da ke motsi ya kashe komai. Aikin yini ya lalace, a sake daga farko, masaƙu su yi ta bugo waya suna masifa. Duk lokacin da ta suma sai a juye abin da ke ƙwaƙwalwarta a kan takarda, tuli ya kai gwiwa, lambobi zalla ba kalma ko ɗaya. Ni ne ƙarami a ofis, saboda haka ni ake kawo wa. Sada ya sa wa aikin suna wankan gawa.

Manajan wurin, wani dogo mai yawan duba agogo, shi ya fara lura da abin da ban so a lura da shi ba. Duk sumar nan da rana take faruwa, kuma duk lokacin Sada ba ya ɗakin, yana sito yana salla. A ƙasar nan in sanyi ya yi, azahar da la'asar da magariba bin juna suke kusa-kusa, duk a cikin lokacin aiki. Manaja ya kira Sada ya ce, "Ban hana ka addininka ba. Amma na'ura tana mutuwa duk sanda ka juya baya. Ko kana taɓa abin da ba a ce ka taɓa ba, ko kana barin abin da aka ce ka yi. In aka ci gaba haka ba zan sa hannu a takardarka ba."

A hanyar gida ranar Sada bai yi barkwanci ko ɗaya ba. Sai da muka kusa ƙofa ya ce, "Wallahi Yaya ban taɓa komi ba. Abin da aka koya mani shi nike yi." Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, ni zan gano.

Na yi sati biyar ina wankan gawa. Rula a hannu ɗaya, jan biro a ɗaya, ina bin lambobi layi-layi har su fara iyo a idona. Na zargi zafin ɗakin, na zargi faifan tef, na zargi wutar lantarki, na sa aka canza wani allon ƙwaƙwalwa da bai yi laifin komai ba. Wuyana ya ƙage, na fara ganin lambobi a bangon masallaci. Da dabara ta ƙare mini sai na yi abin da ya kamata in fara da shi, na je ɗakin na'ura na ce wa Sada ya nuna mini duk abin da yake yi kafin ya fita salla, kada ya tsallake ko ɗaya.

Sada mutum ne mai tsari. Don kada na'ura ta neme shi yana tsakiyar salla, kafin ya fita yakan yi abu biyu a jere da hanzari. Ya ɗora sabon tef ya danna ya fara juyawa, nan take ya juya ya tsayar da injin bugawa ya cika masa takarda, ko da tsohuwar ba ta ƙare ba. Turawan da ke wannan aikin ba mai yin haka. Su sai takarda ta ƙare su tashi su sa, sai tef ya nema su ɗora, don ba inda za su je. Kuma ba dokar da ta hana abin da Sada ke yi, littafin aiki ma ya ce ana iya yi.

Na koma kan tulin takarduna da wannan a kai, kafin la'asar na gani. Aikin da ke tada tef ya ɗauki kullen tef, yana jiran na injin bugawa don ya rubuta cewa tef ya hau. Aikin da ke tsayar da injin bugawa kuwa ya riga ya ɗauki kullen injin, yana jiran na tef don ya ajiye sauran layukan da bai buga ba. Ɗaya riƙe da guga, ɗaya riƙe da igiya, kowa na jiran ɗan'uwansa ya miƙo. Na ɗauko gawa ta biyu, haka. Ta uku, haka. Sashen da ke tsayar da injin bugawa shi ya juya doka, ya fara da kullen da ya kamata ya zo na biyu. Layi biyu ne kacal, an sa na sama a ƙasa. Shekaru suna nan ba su cuci kowa ba, saboda ba wanda ya taɓa yin abubuwan biyu a numfashi ɗaya sai da aka sami mai sauri ya je salla.

Na yi murna, murnar da ban yi irinta ba tun zuwana ƙasar. Ta kai ni daidai lokacin da idona ya kai gefen takardar, na ga haruffan sunan Baba Harol.

Wanda bai tashi a inda na tashi ba zai ce, to mene ne? A gidanmu ba a ce wa babba ya yi kuskure. In dattijo ya yi tuntuɓe a magana, ana samun wani dattijon ne a raɗa masa, shi ya san yadda zai gyara ba tare da kowa ya ji ba. Ina ɗan shekara goma sha biyu na gyara wa baffana karatun wata wasiƙa a gaban mutane, kuma ni ke da gaskiya, mahaifina ya yi kwana uku bai amsa gaisuwata ba. A nan kuwa ba ni da dattijon da zan aika. Ga shi Baba saura masa 'yan watanni ya ajiye aiki, samarin injiniyoyi sun fara raɗe-raɗin hannunsa ya tsufa. Ni da nake sanye da kwat ɗinsa, ni zan tashi in ce ga inda tsoho ya ɓata?

Sai na bi hanyar da na sani. Na buɗe shafin na ajiye a kan teburinsa, ya zo ya ɗora kofin shayi a kai. Na sake buɗewa na ja layi da fensir a gefe, ya rufe ya mayar kan kanta, har yana yi mini faɗan barin takardu a warwatse. Na ce, "Baba, ko wata rana za ka sake koya mini sashen injin bugawa?" Ya ce sai an sami sarari, yanzu sumar nan ce a gabansa. A Kankara ko ɗaya daga cikin ukun nan ya isa dattijo ya gane ana nufin wani abu. Bature in ba ka ce masa ga shi ba, bai ji ba.

Na juya wurin Sada. Na ce, "Daga yau ka riƙa raba su. Ka ɗora tef, ka ɗan dakata ya zauna, sannan ka taɓa injin bugawa."

Ya dube ni. "Ka ga wani abu ne, Yaya?"

"Dabara ce kawai. Gwada mu gani."

Ya ce to. Suma ta tsaya. Sati uku na'ura tana aiki lafiya lau, ni kuma ina yawo ina jin kaina mai wayo, wai na tsirar da ƙane na rufa wa tsoho asiri, ban ɓata wa kowa ba. Sai wata ranar Alhamis aiki ya riƙe Sada har rana ta kusa faɗuwa bai yi la'asar ba. Ya yi sauri, hannu ya koma abin da ya saba. Na'ura ta suma da babban aikin masaƙar da ta fi kowacce kawo wa kamfanin ciniki.

Washegari manaja ya tara mu a ofishinsa, shi da Baba da ni da Sada. Ya ce lissafin a bayyane yake: da ya ja wa Sada kunne suma ta tsaya, da Sada ya saki jiki ta dawo. Dabarata ita ta zama shaida a kansa. Sannan ya juyo gare ni ya ce, "Lawal, ka yi makonni kana karanta takardun nan. Ka ga wani abu a cikin na'urar kanta?"

Baba yana zaune bakin taga yana cusa taba a lofe. Ya ce, "Faɗi abin da ka gani, ɗana, ko mene ne." Sada kansa na ƙasa, yana kallon takalminsa. Shafin yana cikin aljihun kwat ɗina a ninke, ina jin kaifinsa a ƙirjina. Na dubi farin gashin tsohon nan, na dubi manaja da biro a hannu.

Na ce, "Ban gama dubawa ba."

A raina na ce gobe zan sami Baba shi kaɗai in gaya masa. Manaja bai jira gobe ba, da yammar nan ya rubuta wa ofishin ɗalibai. Goben ta zo ban faɗa ba, don yanzu abin ya zama biyu, ga kuskuren tsoho ga ƙaryata. Baba da kansa ya shiga wurin manaja har sau biyu yana roƙon a bar Sada ya ƙarasa, ina jin muryarsa ta bango, ina zaune kamar an dasa ni. Bayan kwana goma takarda ta zo, an yanke tallafi. Na raka Sada tasha ina riƙe da jakarsa. Ya ce, "Ka gaishe da Baba da mai ɗakinshi. Ka gama lahiya, Yaya." Da jirgi ya fara motsi ya leƙo ya ce wannan karon dai ba akwatin da za a sace.

Watannin da suka biyo baya ban san yadda zan ba da labarinsu ba. Ina zuwa aiki, ina dawowa, ina cin dankali. Ɗakin ya yi mini faɗi. Mahauci ya tambaye ni ina ɗan'uwana, na ce ya koma gida, ya rage ƙafafun ragon zuwa biyu. Gajiyar da nake ji a lokacin ba ta aiki ba ce, ko na yi barci da ita nake tashi.

Da sanyi ya fara sauƙi, Baturen da aka sa a gurbin Sada yana saurin zuwa kallon ƙwallo wata Asabar, ya ɗora tef ya juya ya tsayar da injin bugawa. Na'ura ta suma. Manaja ya zo ya tsaya a kanta, ya koma ofis ya rufe ƙofa.

Ranar Lahadi na sami Baba a ɗan lambunsa na bayan gari yana dasa albasa. Na gaishe shi, na tambayi mai ɗakinsa, na yabi albasar, na fara ba da labarin yadda ko gwani yakan yi mantuwa. Ya miƙe ya dafa ƙugu ya ce, "Lawal, me ke hannunka?" Na miƙa masa shafin nan. Ya bi layukan da yatsa duk laka, sau ɗaya kawai.

"Nawa ne," in ji shi. "Na juya su. Kai, tsohon banza!" Dariya ya yi, wallahi dariya, har yana buga mini kafaɗa yana cewa wannan aiki ne na injiniyan gaske. Sai ya lura da yadda takardar ta tsufa a wurin ninki, dariyar ta tsaya. "Yaushe ka gano wannan?"

Na gaya masa.

"Tana aljihunka ranar da muke ofis?"

Na ce, "Baba, a wurinmu yaro ba ya buɗe baki ya ce babba ya..."

Bai bari na ƙarasa ba. "Kuskure a shiri ba abin kunya ba ne, kowane mako sai na yi. Kafin shayi ya huce na gyara wannan. Ka bar mutum ya rasa shekara biyu don kada tsoho ya ji kunyar minti biyar? Wa ya ce maka ina so a saya mini mutunci da wannan tsada?"

Ranar Litinin ya tsaya a tsakiyar ofis ya ce, jama'a, sumar nan laifina ce, ga layukan, Lawal ya gano. Wani ya ce madalla, wani bai ko ɗago kai ba. Kafin sha ɗaya an gyara, na'ura ba ta sake suma ba har na bar ƙasar. Wannan shi ya fi ci mini rai, abin da na ɗauka dutse ne ashe ba wanda ya ɗauke shi bakin komai. Baba ya rubuta wasiƙa cewa Sada ba shi da laifi, ya tsaya a kan manaja sai da ya sa hannu, aka aika ofishin ɗalibai. Amsa ta dawo cewa an ba wani gurbin, an rufe fayil. Baba ya ba ni kwafin wasiƙar ya ce, "Kai za ka kai masa, da hannunka." Bai daina yi mini kirki ba, amma bai sake ce mini ɗana ba, ni kuma na daina zuwa cin kifi.

Na dawo Kankara da takardar shaida cikin damina. Aka yi ta zuwa barka, innata ta sa aka yanka rago, ni kuwa ina ta ƙirƙiro dalilin da zai hana ni tafiya Sabuwa. Sai da na yi kwana goma sha biyu sannan na hau motar kasuwa, muka bi ta Yargoje muka ratsa ƙasar Faskari. Daga inda kwalta ta ƙare mun fi tura motar fiye da hawanta, muka isa duk taɓo har gwiwa.

Na sami Sada a gonar masara da fartanya a hannu, ya rame ya yi baƙi. Masu wucewa suna ce masa Bature, yana amsawa. Da ya gan ni ya yar da fartanyar ya rungume ni, ya ja ni gida, matarsa ta dama fura. Bayan mun yi salla muka zauna gindin wata ɗorawa a ƙofar gida, na ba shi wasiƙar. Ya karanta sau biyu. Sannan na gaya masa komai, har da abin da ke aljihuna ranar ofis. Na shirya wa zagi, na shirya wa ya tashi ya bar ni.

Ya ninke takardar a hankali ya ce, "Na sani, Yaya."

"Ka sani?"

"Tun randa ka ce in raba su. Kai ba ka hwaɗin abu sai ka gani da idonka."

Na ce, "To me ya hana ka faɗa a ofis? Da ka ce Lawal ne ya ce in raba su, da dole na yi magana!"

Ya dube ni da mamaki na gaske. "In tsallake ka? Kana zamne, ga Baba zamne, ni in buɗe baki in ce yayana ya ɓoye magana? Jira nike kai ka hwara."

Kaji na ta tono a gabanmu. Can ya ce abu ɗaya yake roƙo. Mahaifinsa bai taɓa tambayarsa abin da ya faru ba, amma mutanen gari sun gaya masa wasa ɗansa ya tsaya yi aka koro shi. "In ni na karanta mashi zai ce kare kaina nike. Kai ka karanta, ka juya mashi da Hausa."

Muka shiga zaure. Mahaifinsa yana kishingiɗe a kan buzu, idonsa ya yi rauni, sai da Sada ya ce masa ga Lawal na Kankara da muka tahi tare. Na durƙusa na gaishe shi, na karanta wasiƙar layi-layi ina juyawa: cewa Sada ma'aikaci ne mai kula, cewa bai yi kuskure ko ɗaya ba, cewa an sallame shi bisa zargin da ba haka ba ne. Tsohon ya sa na maimaita wurin da aka ce bai yi kuskure ba. Hawaye ya bi gefen fuskarsa ya shiga gemu, bai share ba. Sannan ya ce, "To in ba shi ba ne, wa ya jawo mashi wanga abu?"

Na buɗe baki. Wannan karon da gaske na buɗe.

"Na'ura ce, Baba," in ji Sada da sauri. "Ciwo gare ta a ciki. Yaya ne ma ya gano shi."

Kafin in ce wani abu tsohon ya riga ya ɗaga hannuwa sama. Ya yi ta sa mini albarka saboda wahalar da na sha na ratso taɓo na kawo takarda, ya roƙi Allah ya ba ni ƙannen da za su tsaya mini yadda na tsaya wa ɗansa. Sada yana gefena yana cewa amin da ƙarfi. Ni ma na shafa, na ce amin.